MU DUBA KEWAYENMU: Hoton Giwa Daga Inda Giwa Ta Yarda

Masu karatu, ga rani ya shigo. Ciyawa ta bushe, tafkuna sun ja baya, namun daji sun fara gangarowa bakin ruwa. Wannan ne lokacin da iyalai da ƙungiyoyin matasa da zumuntar mata sukan haɗa kuɗin mota su nufi Yankari, a ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauci. A dā in mota ta cika, da ƙyar a sami mai kyamara ɗaya a ciki, shi ma fim ɗinsa na hoto 36 ne, sai ya yi ta tattali. Yau kuwa kowa da wayarsa a hannu, har ɗan firamare. Mutum 20 a mota, kyamara 20 ke nan, kowa kuma yana so nasa hoton ya fi na ɗan'uwansa. Sai ka ji ana ce wa direba, “Ɗan matsa kaɗan, don Allah, ba ta fito sosai ba.” A kan wannan ɗan matsawa muke so mu yi magana a wannan wata.

Bari mu fara da dajin kansa. An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a watan Disamba na 1962. A 1991 ya koma hannun gwamnatin tarayya, a 2006 kuma aka mayar wa jihar Bauci. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, kogin Gaji ya ratsa tsakiyarsa. Akwai ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza da mazo, akwai dorina da kada, ga mugun dawa da birai ba iyaka. Giwayensa suna cikin garke mafi girma da ya rage a Nijeriya, amma masu kula da su sun ƙiyasta ba su wuce tsakanin 100 da 150 ba. Zakuna kuwa 'yan kaɗan ne ƙwarai. Giwa takan yi wata 22 da ciki, takan kuma yi shekara huɗu ko biyar kafin ta sake haihuwa. Saboda haka ɗan giwa ɗaya da ya ɓata daga uwarsa cikin ruɗu hasara ce wadda ba a mayar da ita da wuri.

Kowace dabba tana da iyakarta, wani da'ira ne da ido ba ya gani. Muddin kana waje da shi, za ta dube ka ta ci gaba da kiwo. Ka taka cikinsa, ta gudu. Ka ƙara matsawa har ta rasa mafita, ko kuwa tana da ɗa a gefenta, sai ta juyo kanka. Wani masanin dabbobi ɗan ƙasar Suwizalan, Heini Hediger, ya yi bincike ya rubuta wannan tun tsakiyar ƙarni na 20, amma duk yaron da ya taɓa bin zabi a bayan gari ya san abin. Zabuwa takan bar ka ka zo wani wuri, daga nan ba ƙari. Faɗin da'irar ba ɗaya ba ne kullum. Yakan ƙaru in dabbar tana da jariri, ko tana da rauni, ko an taɓa harbinta. Namun da suka sha wuyar mafarauta sukan fi na wani daji saurin firgita, kuma ba laifinsu ba ne.

To, yaya mutum zai san ya taka iyakar? Dabbar ce za ta gaya masa. In tana kiwo ta daina, ta ɗaga kai ta kafa maka ido, ka riga ka yi kusa. In tana kwance ta miƙe, kai ka tashe ta. Giwa takan ɗaga hannu sama ta shaƙi iska, ta buɗe kunnuwa, ta girgiza kai har ƙura ta tashi, wani lokaci ta riƙa lilo da ƙafar gaba. Iyaye mata sukan tura 'ya'ya tsakiya su yi musu shinge. Toron giwa da ka ga ruwa yana tsiyaya daga gefen kansa, fitsari kuma yana ɗiga a ƙafafunsa na baya, yana cikin lokacin zafinsa ne, a ba shi hanya tun daga nesa. Dorina da ta wage baki ba hamma take yi ba, gargaɗi ne, kada kuma kowa ya tsaya tsakaninta da ruwa. Ɓauna ita ce ba ta cika ba da sanarwa ba. Abin takaici, daidai lokacin da dabba ta nuna ɓacin rai, a nan ne hoton yake fi kyau, shi ya sa ake samun masu tafi da masu fito da masu buga jikin mota don giwa ta juyo. Hoton giwa mai buɗaɗɗun kunnuwa tana fuskantar kyamara, sau da yawa hoton giwar da aka tsorata ne.

A gandun Yellowstone na Amurka an sa wa abin lamba. Doka ta ce a tsaya yadi 25 daga yawancin namun daji, yadi 100 kuma daga beyar da kyarkeci. Yadi 100 kusan tsawon filin ƙwallo ke nan. Ba wanda zai shiga daji da tef ɗin awo, amma ido ba mudu ba ne ya san kima. A wurinmu maganar ɗan rakiya ita ce doka. In ya ce a tsaya, a tsaya. In ya ce kada a sauka daga mota, ba wai yana hana mu jin daɗin kuɗinmu ba ne. Namun da suka saba ganin mota ba su cika damuwa da ita ba, amma mutum a tsaye bisa ƙafa biyu, wannan siffar maharbi ce a wurinsu. Mu kuma kada mu jarabci direba ko ɗan rakiya da 'yan kuɗi don ya bar hanya ya kutsa cikin garke. Albashinsa kaɗan ne, jarabar tana da ƙarfi, in aka kore shi daga aiki kuma mu muna gida muna nuna hoto.

Wani zai ce, “Ai gudu kawai ta yi, me ya same ta?” Da damina wataƙila ba kome. Da rani kuwa lissafin dabam ne. Giwa babba takan ci abin da ya kai kilo 150 a rana, takan kwashe yawancin yininta da darenta tana ci. Gwanki da ya yi tafiya mai nisa zuwa Gaji, aka kore shi kafin ya sha, ko dai ya koma da ƙishi ko ya dawo da dare sa'ad da zaki yake jira. Mota ɗaya ba za ta kashe shi ba. Amma mota ɗaya da safe, wata da hantsi, wata da la'asar, kowace rana har Afrilu, wannan yana cin jiki.

An auna irin wannan a ƙasar Kenya. A gandun Masai Mara akwai rabbi, ɗan'uwan damisa mai siririn jiki, wanda ba dabbar da ta fi shi gudu a ƙasa. Da rana yake farauta, don haka motocin masu yawon buɗe ido sukan kewaye shi. Wata masaniya, Femke Broekhuis, ta bi matan rabbi da 'ya'yansu, ta buga sakamakon a 2018. Inda motoci ba su da yawa, uwa takan raini 'ya'ya fiye da biyu har su girma. Inda motoci suka yi yawa, sai an haɗa uwaye wajen biyar kafin a sami ɗa ɗaya da ya girma. Ba wanda ya harbe su. Masu son su ne suka zo kallo.

Akwai kuma firgitar da ba ta fitowa a fuska. A jihar Minesota ta Amurka masu bincike sun sa wa beyar na'urar auna bugun zuciya, suka tashi ƙaramin jirgi marar matuƙi a bisansu, irin wanda yanzu ake ɗaukar hoton biki da shi. Yawancin beyar ɗin ba su ko gudu ba, amma zuciyarsu ta yi ta dukan uku-uku. Wata bugunta ya ƙaru da 123 a minti ɗaya. A 2015 aka buga wannan. Tun 2014 ma an hana tashin irin jiragen nan a gandayen tarayya na Amurka. Ga giwa kuma abin ya fi muni, gama ƙarar jirgin tana kama da ta taron zuma, giwa kuwa tana tsoron zuma. Wanda ya sayi jirgin don bikin ƙanwarsa, ya bar shi a gida.

Yanzu ga tambayar da matasa za su yi: in ba a matsa ba, yaya za a sami hoto na kusa? Hotunan da muke gani a kalanda, inda ake iya ƙirga gashin idon zaki, yawancinsu daga nesa aka ɗauke su. Masu sana'ar suna da dogon madubi mai jawo nesa kusa, na milimita 400 ko 600, wani ma sai an ɗora shi bisa ƙafafu uku don nauyi. Wayar hannu ba ta da wannan. In ka ja hoton da yatsu biyu, yawancin wayoyi kumbura shi kawai suke yi, sai ya fito dishi-dishi. Akwai dabara mai sauƙi: in akwai tabarau na hangen nesa, a ɗora idon kyamarar waya a kan idonsa ɗaya, a jingina hannu a tagar mota, a sa direba ya kashe inji don rawar mota ta daina. Yana bukatar gwaji, gara a koya a gida a kan tattabarun maƙwabta. In babu tabarau, a ɗauki dabbar tare da wurin zamanta. Giwaye biyar ƙanana a ƙasan hoto, ga itatuwan bakin Gaji a bisansu, ga ƙura cikin hasken yamma, a ganinmu wannan ya fi rabin kunnen giwa da ya cika hoto ba a gane kome.

Sauran dabarar duka haƙuri ne, kuma maharbanmu sun riga kowa saninta. Maharbi yakan ɗaura kan burtu a goshi, ya duƙa, ya riƙa tafiya yana sunkuyar da kai kamar tsuntsun yana kiwo, har ya iso kusa da barewa ba ta ankara ba. Yakan ɗebi ƙura ya saki don ya ga inda iska ta nufa, ya bi ta inda warinsa ba zai kai ga naman ba. Ba ya sa farar riga, ba ya tsayawa a kan tudu inda sama za ta fito da siffarsa. Turawan da suka fara ɗaukar hoton tsuntsaye irin wannan suka yi. A Ingila wasu 'yan'uwa biyu, Richard da Cherry Kearton, waɗanda suka fitar da littafin hotunan sheƙunan tsuntsaye a 1895, sun sa aka yi musu sā na ƙarya da fatar sā ta gaske, cikinsa rami. Mutum yakan shiga ciki da kyamara, madubin yana leƙowa ta wata kafa a ƙirji. An ce wata rana sān ya kife da ɗayansu a ciki, ƙafafu shida a sama, sai da ɗan'uwan ya zo ya fid da shi. Mu dai ba mu bukatar sā. Motar kanta ta isa maɓoya, in an tsaya da ita wuri ɗaya aka yi shiru.

Abin da muka fi so mu jaddada ke nan: a je a jira, kada a bi. A tambayi ɗan rakiya inda namun suke shan ruwa, a isa tun da sassafe ko da la'asar sakaliya, a tsaya nesa, kada kuma a tare hanyar da suke bi zuwa ruwa. Minti goma na farko ba za a ga kome ba, yara za su fara ƙorafi. Bayan haka daji yakan manta da mutum. Tsuntsaye su koma kuka, mugun dawa ya durƙusa bisa gwiwa yana tono, mazo ya fito daga kurmi. Dabbar da ta zo da kanta takan matso fiye da inda za ka iya binta, kuma hotonta yakan nuna tana yin abin da ta saba, carki yana bisa bayanta yana cire kaska. Hasken safe da na yamma ma shi ya fi kyau, na tsakar rana yakan wanke launi. A kashe fitilar kyamara mai walƙiya, a kashe ƙarar waya. Iyaye, ku shirya yara tun daga gida, ku mai da shirun ya zama gasa.

Sheƙa da jarirai suna bukatar magana tasu. Tsuntsun da aka tasa daga kan ƙwai a zafin Maris, ƙwan zai iya lalacewa cikin ɗan lokaci, hankaka kuma yana kallo daga bisa. Wanda ya karya reshe don sheƙa ta fito sosai a hoto ya buɗe wa shaho ƙofa. Iyayen ma ba kullum suke gudu ba. Eric Hosking, wani shahararren mai hoton tsuntsaye na Ingila, ya rasa idonsa na hagu a 1937 sa'ad da mujiya ta kai masa hari kusa da sheƙarta, shi kuwa gwani ne. Gada da mazo sukan ɓoye ɗansu cikin ciyawa su tafi kiwo, su dawo su ba shi nono. Wanda ya tsince shi yakan ce maraya ne, ya ɗauka, a yi hoto, a kai gida, bayan kwana kaɗan ya mutu. A 2016 a Yellowstone wasu baƙi sun ga ɗan ɓaunar Amurka, suka ji tausayinsa wai yana jin sanyi, suka sa shi a bayan mota. Ma'aikata suka yi ƙoƙarin mayar da shi, garken ya ƙi karɓarsa, dole aka kashe shi.

Sai batun abinci. Duk wanda ya kwana a sansanin Wikki, kusa da maɓuɓɓugar nan mai ɗumi wadda ruwanta yake kan digiri 31 rani da damina, ya san gwaggon biri. Yakan fizge leda daga hannun mutum, ya shiga mota in an bar taga a buɗe. Ba haka aka haife shi ba. Ayaba da biskit da ake miƙa wa birai don su matso a yi hoto, su suka koya musu cewa hannun mutum rumbu ne. Namijin gwaggon biri yana da fiƙa masu tsawo, yaron da ya riƙe burodi bai san wannan ba. A wurare da yawa ƙarshen dabbar da ta saba da abincin mutane har ta fara cizo shi ne harsashi. Haka nan muke ganin hoto da kura ko biri ko mesa na masu wasa a kasuwa. Kowane kuɗin da aka biya don a tsaya kusa da kura mai takunkumi, kira ne a je a kamo wata daga rami.

Akwai kuma gaskiya a cikin hoton kansa. Babbar gasar hoton namun daji ta Landan ta ƙwace kyautar 2009 daga hannun wanda ya ci, bayan alƙalai sun gamsu cewa kyarkecin da ya ɗauka yana tsallake shinge na gida ne, ba na daji ba. A 2018 suka sake ƙwace wata, gama sun gano dabbar da ke cikin hoton matacciya ce da aka cusa wa kaya aka tsayar. In a gidan zu na Jos ko na Kano muka ɗauki zaki, mu ce a gidan zu ne. Ba abin kunya ba ne.

Don kada a ce kullum labarin ɓarna muke kawowa, ga abin da nisa da haƙuri suka haifar. A Kure, wajen kilomita 60 daga Yamai, akwai raƙuman dawa na ƙarshe na Afirka ta Yamma. A 1996 saura 49 kacal. Suna zaune ne a cikin gonakin mutane, suna cin ganyen gawo, wani lokaci har da waken manoma. Da aka hana farautarsu, mutanen wurin suka zama 'yan rakiya, suka haura 600 cikin shekara 20 da ɗoriya, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi. A can kudu kuma, a duwatsun Mbe na jihar Kuros Riba, akwai wani irin goggon biri babba, watau gorila, wanda bai fi 300 ba a duniya duka, mai gudun mutane ƙwarai. A 2020 aka fitar da hotunan garkensu da jarirai a bayan iyaye. Ba mutum a wurin sa'ad da aka ɗauka. Kyamara ce aka ɗaure a jikin itace, mai ɗauka da kanta in abu ya gifta. Wani Ba'amurke, George Shiras, shi ya yi suna da wannan dabara, mujallar National Geographic ta buga hotunansa 74 a 1906. Nasa na igiya ne da garin walƙiya mai ƙara, shi ya sa barewar da ke wasu hotunansa take tsalle a firgice. Na yanzu ba ƙara, da dare ma da hasken da ido ba ya gani suke aiki.

Abu na ƙarshe ya shafi bayan an dawo gida. Wayoyin yanzu sukan rubuta ainihin wurin da aka ɗauki hoto a cikin hoton, in ba a kashe wannan ba. A wasu gandayen Afirka ta Kudu har alluna aka kafa ana roƙon baƙi su kashe shi, saboda masu farautar karkanda. Mu ma masu neman hauren giwa ba su ƙare ba. In Allah ya ba ku sa'a kuka ga toron giwa mai dogon haure, ko zakanya da 'ya'ya, ku gaya wa ma'aikatan gandun, za su yi murna da labarin. Amma kafin ku sa hoton a Facebook ko WhatsApp, ku shiga saitin kyamara ku kashe alamar wuri, ku bari kwana biyu su wuce, a ƙarƙashin hoton kuma “Yankari” kaɗai ya isa, ba sai an faɗi mashaya ko sa'a ba.